Ƙasar Krobo, Inda Kwalba Ke Zama Dutsen Ado

A ƙasar Krobo, can kudu maso gabashin Gana, kwalba ba ta zama shara. Ko ta fashe ko ta tsage, akwai mai jiran ta. A bayan gidaje za ka tarar da buhunanta jibge, koraye gefe guda, masu ruwan ƙasa gefe guda, shuɗɗa gefe guda, ga kuma ɓaraguzan gilashin taga da aka kwaso daga inda ake rushe gini. Baƙon da bai sani ba zai ce bola ce. Amma a ba su mako guda, wannan tarkacen zai fito dutsen ado, ya hau wuyan basarake ranar bikin gari, ko ya shiga kwali a tura shi kantunan Turai da Amurka.

Biki ne ya kai ni Akra, na 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a Nima. A wurin taron idona ya yi ta komawa kan wuyan matan Zango. Gwal yana nan, don ba a rasa shi a taron Hausawa ko'ina suke, amma da yawansu sun haɗa atamfarsu da wasu manyan duwatsu masu kauri, wasu kore shar, wasu ruwan zuma, irin waɗanda haske ke shiga cikinsu ya zauna ba tare da ƙyalli ba. Da na tambaya aka ce mini ai na Krobo ne, da kwalba ake yin su. Ana gama kai amarya na kama ƙanenta, haifaffen Zango mai jin yaren Asante, na ce ba zan koma Kano ba sai ya kai ni na gani da idona.

Ya ce, "Yaya, in haka ne sai mu jira Alhamis, mu fara da Koforiduwa."

Koforiduwa ita ce hedkwatar Yankin Gabas, kuma kowace Alhamis kasuwar duwatsun ado ke ci a can. Daga tashar Madina muka shiga torotoro, ƙaramar motar haya ta mutanen Gana, muka hau tsaunukan Akwapim, muka wuce Aburi, muka wuce Mampong inda Tetteh Quarshie ya dasa kokonsa a 1879. Hanya ce mai lanƙwasa da sanyi da kore, amma ba ita ta fito da ni ba, don haka ba zan tsaya a kanta ba.

Kasuwar ba ta da girman da zai firgita wanda ya san Kantin Kwari. Cikarta ce abin mamaki. Tebura ne da rumfuna jere, kowanne an shimfiɗe shi da silin duwatsu har ba ka ganin katakon, wasu an rataye su daga sama suna lilo. Akwai masu sayen sili ɗaya, akwai masu cika jaka su koma Akra ko Lome, akwai Turawa da ke durƙusawa suna duba ramin dutse ɗaya-ɗaya. Ina cikin wannan kallo sai kunnena ya tsinci Hausa. A layin tsofaffin duwatsu, masu tsadar kasuwar, Hausawa ne da yawa a zaune da hulunansu.

Na yi wa wani dattijo sallama. Ya amsa, ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan Hausar ba ta nan ba ce. Daga ina?"

Na ce, "Daga Kano, Baba."

Ya ce, "Ikon Allah! Zauna, 'yata. Yaya mutan Kurmi?"

Ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya kwance wani ƙullin tsumma ya ɗora mini dutse guda a tafin hannu. Shuɗi ne mai duhu, dogo kaɗan, ya sha hannu har ya yi santsi. Ya ce in juya shi in dubi bakinsa. A nan na ga tauraro, an jera launi kan launi, fari da ja da shuɗi, kowane layi da haƙoransa, suna zagaye ramin zaren. Ya ce masu saye layukan nan suke ƙirgawa, domin mai bakwai shi ne tsohon gaske, na baya-bayan nan shida ne ko huɗu. Daga Murano ya fito, tsibirin da hukumar Benis ta ƙasar Italiya ta mayar da masu narka gilashinta a 1291. Wata mata ce, Marietta Barovier, ake danganta ƙirƙiro wannan samfurin da ita a ƙarshen ƙarni na 15. Kusa da shi akwai wasu masu zanen furanni birjik, su ma na Benis, da wasu na Bohemiya, ƙasar Cek ta yau.

Waɗannan duwatsu ba baƙinmu ba ne. Jiragen ruwa sun sauke su a gaɓar teku ana musayar su da zinariya da manja, har da bayin Allah a zamanin cinikin bayi, raƙuma kuma sun ƙetaro Sahara da su daga Tarabulus. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya lissafa duwatsun Benis cikin kayan Turai da ya tarar a kasuwarmu. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro da 'yan kolin da suka biyo sawunsu sun yi ta yawo da su gari-gari, kuma jikokinsu ne waɗannan da ke zaune a Koforiduwa. Dattijon ya ce sana'arsu ita ce bin ƙauyuka, daga nan har Togo da Burkina da Mali, suna saye daga hannun tsofaffin mata. Tun wajen 1970 kayan suka juya, suka riƙa komawa Turai da Amurka da tsada, kuma kullum raguwa suke, don wanda ya tafi ba ya dawowa.

Na ji daɗin zama da shi ƙwarai. Amma gaskiya zuciyata tana ɗaya ɓangaren, inda matan Krobo suka baza sababbin duwatsu. Tsohon dutsen Benis tarihi ne, an gama yin sa. Na Krobo kuwa jiya aka fito da shi daga wuta, gobe za a fito da wani, kuma kowane mako sai ka ga samfurin da babu shi makon jiya. Mutanen nan sun ga kayan Turawa masu tsada, ba su tsaya a saye ba. Suka dubi abin da ke zube a ƙasarsu, suka yi nasu, har suka kwaikwayi zanen Benis ɗin, daga baya suka wuce kwaikwayo suka shiga ƙirƙira. Wannan ne ya sa na ce lallai sai an kai ni bakin murhun.

Manyan garuruwan Krobo biyu ne, Somanya ta Yilo Krobo da Odumase ta Manya Krobo, kuma sun kusa haɗewa a kan titi guda, ga gonakin mangwaro hagu da dama. Daga nesa kana hango wani dutse tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. A kansa kakanninsu suka zauna shekaru aru-aru, har 1892 lokacin da Turawan Ingila suka kore su daga kai da ƙarfin bindiga, suka hana wasu al'adunsu. Sun sauko sun bar gidajensu, amma sun sauko da duwatsun adonsu da sanin yadda ake yin su.

Gidan da muka shiga ba masana'anta ba ce irin wadda mutum zai zata. Tsakar gida ce da rumfar kwano, da bishiya, da kaji. Maigida, matarsa, 'ya'yansa da wasu almajiran sana'a, kowa da abin da ke gabansa. Aikin yana farawa daga baho. A jiƙa kwalabe, a kankare takardar jikinsu, a wanke su tas, a ware su launi-launi. Kwalbar lemo da ta maltina suna ba da kore da ruwan ƙasa, kwalbar magani tana ba da shuɗi, kwalbar man shafawa tana ba da fari, gilashin taga yana ba da wani garai-garai mai ɗan kore a ciki. Daga nan sai turmi. Turmin ƙarfe ne da taɓaryar ƙarfe, wani saurayi yana ta kirɓawa, yana juyewa a rariya, yana tankaɗewa, yana mayar da tsakin. Abin da ke fita gari ne mai laushi, fari-fari, wanda ba za ka taɓa cewa jiya kwalba ba ne.

Mazubin da ake zuba garin da yumɓu ake gina shi, a gasa. Duk macen da ta taɓa suyar masa za ta gane shi da gani ɗaya, domin tanda ce sak, sai dai ƙarama, gurabunta kuma sun fi zurfi. Wata tana da gurbi ɗaya babba, wata biyar, wata fiye da goma ƙanana. A tsakiyar kowane gurbi akwai ɗan rami. Kafin a zuba komai sai a tsoma mazubin cikin ruwan farar ƙasa a shanya, don kada gilashin ya manne da yumɓun in ya narke.

Na zauna a kan ɗan benci kusa da matar gidan ina kallon hannunta, kuma a nan na fi daɗewa. Ta ɗauko sandar ganyen rogo, siririya, ta yanka guntu-guntu da reza, ta kafa kowane guntu a ramin da ke tsakiyar gurbi. Sannan ta jawo 'yan kwanoninta, kowanne da garin kwalba da aka gauraya da launinsa. Ta ɗebi rawaya ta zuba a ƙasa, ta ɗan bubbuga mazubin ya zauna. Ta ɗauki wani ɗan mazurari da aka naɗe da gwangwani, bakinsa bai fi na allura ba sosai, ta cika shi da baƙi, ta bi gefen gurbin tana ɗiga shi. Ta ƙara rawaya, ta sa tsinke ta ɗan ture garin daga bango, ta ɗura ja a gurbin da ta buɗe. Ba ta zana komai a takarda ba, ba ta kuma ganin abin da take zanawa, domin zanen yana jikin bangon gurbi ne, a ɓoye, sai bayan wuta zai bayyana. Duk da haka in ta cika gurbi goma, goman za su fito da zane iri ɗaya, amma kowanne da ɗan abin da ya bambanta shi. Tana yi tana hira da 'yarta, hannun bai tsaya ba.

Sandar rogon ita ce dabarar da ta fi burge ni. In mazubi ya shiga wuta, garin yana haɗewa ya kama jikinsa, sandar kuma tana ƙonewa ta zama toka, sai ta bar rami miƙaƙƙe inda zare zai bi. Ba injin huji, ba komai. Abin da manomi ke yarwa a gona shi ke yin aikin.

Murhun ma haka yake. Da ƙasar suri ake gina shi, wato gidan gara, saboda tana jure wuta ba ta saurin tsagewa. Ƙirar ɗan ɗaki gare shi mai kumburarren rufi, da ƙofa ta sa itace da ƙofa ta sa mazubi. Dandamalin da mazuban ke zama a kai kuwa tsofaffin sifirin ɗin mota ne da aka jera. Wutar kan haura digiri 800, kuma babu wani ma'aunin zafi a gidan. Maigida launin harshen wutar yake duba, da yadda cikin murhun ya yi ja, ya san lokaci ya yi. Da wani dogon ƙarfe mai faɗin baki yake zura mazuban, ya fito da su bayan kamar rabin awa.

Akwai wani nau'in da ba a daka shi ya zama gari, kuma shi ne wanda na fara gani a wuyan matan Nima. Shi farfasa kwalbar ake yi ƙanana, a cika gurbi da ɓaraguzan, ba a sa sandar rogo, a ba shi wuta mai ƙarfi da lokaci mai tsawo har ya narke sosai. Aikinsa na sauri ne. Ana fito da mazubin, gilashin yana ja wur yana motsi, sai saurayin ya durƙusa da tsinken ƙarfe biyu. Da ɗaya ya danne mazubin, da ɗayan ya soki tsakiyar narkakken gilashin, ya ɗaga shi, ya kifa, ya sake sokawa ta ɗaya gefen, ya murza shi cikin gurbin har ya zama dunƙule. Ya koma na gaba. Kafin ya kai na ƙarshe jan ya fara dushewa, kore ya fara fitowa. In ya yi nawa gilashin ya daskare, ramin ba zai huju ba. Ina tsaye nesa zafin yana dukan fuskata, shi kuwa fuskarsa tana dab da shi, bai ko ƙifta ba.

Ba a gaggawar fitar da su daga mazubi. Sai sun huce a hankali, kusan awa guda, in ba haka ba su tsattsage. In suka fito ba su da kyan gani ko kaɗan, duk farar ƙasa ta lulluɓe su. Sai a zuba su a kan wani faffaɗan dutse da ya lotsa saboda aiki, a watsa yashi da ruwa, a sa tafin hannu a yi ta murzawa. A nan launi ke tashi. A ɗauraye, a shanya, a ɗan shafa musu mai, sannan mata da 'yan mata su zura su a zare.

Nau'i na uku shi ne mai rubutu. A ɗauki dutsen da aka riga aka gasa, a dama garin kwalba mai laushi da launi da ruwa kaɗan, a sa tsinke a zana masa layi ko ɗigo ko ido, a shanya, a mayar da shi wuta karo na biyu zanen ya kama. Wannan ya yaɗu ne bayan da launukan masu tangaran suka shigo hannunsu wajen shekarun 1980, kuma da shi ne suke fito da zanen Benis a farashin da talaka zai iya. Hatta tsofaffin duwatsun da suka farfashe ba a yar da su, ana tara gutsattsarin a narka su zama sabon dutse mai launi barkatai.

Wanda ya fi kowa fitar da sunan wannan sana'a waje shi ne Nomoda Ebenezer Djaba, wanda aka fi sani da Cedi. Gadon gidansu ne, tun yana yaro ya fara, kuma wurin aikinsa a Odumase a buɗe yake ga baƙi, ana nuna musu aikin daga kwalba har zare. Ya sha zuwa Amurka da Turai yana koyarwa a tarukan masu aikin gilashi. Abin ya tsaya mini a rai: Benis da ta cika Afirka da duwatsu shekaru ɗaruruwa, yau 'yan nahiyarta ne ke zama a gaban mutumin Krobo suna koyon yadda ake yi da turmi da sandar rogo.

Sana'ar ba ta mutu ba domin masu ita su ne farkon masu sayenta. Jariri ana ɗaura masa dutse tun ranar suna, a hannu da ƙugu, uwa tana gane ƙibarsa ko ramarsa daga yadda zaren ya kama shi. A watan Afrilu suna da al'adarsu ta dipo, ta shigar 'yan mata sahun manya, inda ake fito da dukiyar gida ta duwatsu, ta kaka da kakanni, a jibga wa yarinya a wuya da ƙugu, gidan da ba su da isassu su aro. Al'adarsu ce ba tamu ba, kuma a cikinsu ma akwai masu addinin da suka bar ta, amma ita ta riƙe darajar dutse a gidajensu. A ƙarshen Oktoba akwai Ngmayem, bikin godiyar girbin gero, ranar da Konor, babban sarkin Manya Krobo, da hakimansa da sarauniyoyin mata ke fitowa da manyan duwatsu. Mafi daraja a cikinsu shi ne bodom, ƙato, rawaya, mai baƙar zuciya, wanda tsohonsa gado ne da ba a sayarwa sai dole ta kama. Na makoki daban, baƙi da ja. Na farin ciki daban, fari da shuɗi. Mutum zai shigo taro, kafin ya buɗe baki wuyansa ya faɗi halin da yake ciki.

Da muka koma Akra na ga inda dutsen ke zuwa bayan ya bar ƙauye. A unguwar Asylum Down akwai kantin Sun Trade Beads na Kati Torda, 'yar ƙasar Hangari da ta zauna Gana tun ƙarshen shekarun 1970 ta ba da rayuwarta ga wannan aiki. Akwai Global Mamas, ƙungiyar da aka kafa a 2003, mai haɗa mata masu sana'a da kasuwannin waje, kuma tana da masu yi mata aiki a ƙasar Krobo. Bayan su akwai matasa birjik a Osu da sauran unguwanni, kowa da ɗan teburinsa da filayarsa. Adon da suke haɗawa na yau ne, ba na gidan tarihi ba. Na ga abin wuya da aka yi da dutse ɗaya tal, ƙato, ruwan teku, a kan igiyar fata baƙa, babu ƙari. Na ga wani da gefensa na dama bai yi daidai da na hagu ba, da gangan, kuma rashin daidaiton ne kyansa. Na ga 'yan kunne na gilashin taga, marasa nauyi, da ma'aikaciyar banki za ta sa ta tafi ofis.

Kuma ba gilashi kaɗai ba. Tsakanin duwatsun suna saka tagullar Kurofofrom, kusa da Kumasi, inda maƙera ke narka tsofaffin kan famfo da kwaɗuna. Su da kakin zuma suke fara gina siffar, su lulluɓe ta da yumɓu, su narkar da kakin ya tsiyaye, su ɗura tagulla a gurbinsa, sannan su fasa yumɓun. Saboda haka kowane ɗaya shi kaɗai ne, ba shi da na biyu. Da wannan dabarar kakanninsu suka yi ma'aunan zinariyar Asante. Suna saka jan dutsen Abompe, wanda ake haƙowa a tsaunin yankin, ainihin ƙasar da ake fitar da sanholo daga cikinta, a fasa, a huda da hannu, a goge. Suna saka ƙahon saniya, ƙashi, ɓawon kwakwa, ƙwallon kwakwar manja, 'ya'yan itatuwa, ƙyallen atamfa da aka naɗe. In aka auna kuɗin kayan da ke jikin sarƙa guda, bai taka kara ya karya ba. Abin da ake biya ido ne da hannu.

Wannan tunani ya yi nisa a Gana. El Anatsui, ɗan ƙasar da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, da murafun kwalabe da wayar jan ƙarfe yake ɗinka manyan labulen da ake ratayewa a gidajen tarihin duniya, har bikin baje kolin fasaha na Benis ya ba shi babbar lambar yabonsa a 2015. Shi ya ɗauki murfin, mutanen Krobo suka ɗauki kwalbar.

Na san abin da wani mai karatu zai tambaya, don ni ma na tambaya. E, cikin buhunan akwai kwalaben giya, ba su ɓoye ba. Da na so a haɗa wa mahaifina carbi sai na roƙi a yi mini da gilashin taga zalla. Matar gidan ba ta yi mamaki ba, ta ce mutanen Zango sukan nemi haka. Ta zaɓo ƙanana guda 99 masu kai ɗaya, ta zura su, ƙanen amarya ya nuna mata inda za ta raba su uku. Yana da ɗan nauyi a hannu, yana da sanyi, kuma ba ya zamewa a yatsa don jikinsa ba sulɓi ne da shi ba.

Aikin yana da wahala, kuma ba zan rufe wannan ba don ina yabo. Mai daka yana shaƙar ƙurar gilashi, sau da yawa ba abin rufe hanci. Mai murhu yana wuni cikin hayaƙi. Itace yana tsada, daji yana ja da baya. Ga duwatsun roba da na inji daga Sin sun cika kasuwa da araha. Sili guda da ya ci wa iyali wuni, a bakin murhu kuɗinsa kaɗan ne, sai ya isa kantin waje ya ninka sau da yawa, ribar kuma ba ta dawowa tsakar gidan nan. Mutanen da suka iya wannan aiki sun cancanci fiye da abin da suke samu.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin akwatunan lefenmu. Mu in aka miƙo sarƙa, tambayar farko ita ce giram nawa ce, ta biyu ta Dubai ce ko ta Saudiyya. Ban raina wannan ba. Gwal asusun mace ne, ya fitar da mata da yawa kunya ranar da gida ya rasa, ya biya kuɗin makaranta da na asibiti. Abin da ke damuna shi ne tsakanin gwal da sarƙar kanti mai koɗewa bayan wanki biyu, ba mu bar wa aikin hannunmu wuri ba. Murjani da tsakiya da jigidar kakanninmu sun koma ƙasan adaka. Wadda ba ta da kuɗin gwal sai ta sayi abin da ke kwaikwayon gwal, alhali a Nima na ga matar attajiri ta sa kwalba a wuya, ta fi kowa fita a taron, ba wanda ya ce mata talauci ne.

Kuma ba za mu ce ba mu da masu yi ba. A Bidda, unguwar Masaga, Nufawa sun daɗe suna narka gilashi, su ma yanzu da kwalabe suke yi. Hanyarsu daban ce, da zugazugi suke hura wuta su naɗe narkakken gilashin a jikin sandar ƙarfe, kuma daga can ƙarau ɗin da iyayenmu suka sa a hannu yake fitowa. Agadas tana da maƙeran azurfa, Kano da Sakkwato suna da dukawa masu jima da rini. Duk abin da matasan Akra ke haɗawa su sayar da dala, muna da kwatankwacinsa a warwatse. Abin da Gana ta fi mu shi ne masu zane da suka je suka zauna da masu murhu, da kuma mata masu hali da ba sa jin kunyar sa abin gida.

Don haka 'yar'uwa, in hanya ta kai ki Akra, ki ware Alhamis ki tafi Koforiduwa, ki fita da sassafe don kasuwar da hantsi take cika. In Alhamis ta kuɓuce miki, kasuwar Agomanya, dab da Odumase, tana ci Laraba da Asabar, kuma daga nan bakin murhu ba nisa. Ki saya a hannun masu yi, kada ki matsa musu da ragi. Masu haɗa lefen bana kuma, don Allah a bar wa ƙarau ɗin Bidda gurbi a cikin akwati.